Bel Ɗin da Surukina Ya Kawo Daga Kurmi

Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi ina tuƙi, amma ko ƙasa ta rufe idona ban jin zan manta ranar da mahaifina ya ajiye bel biyu a kan tabarmar surukina.

Mu asalinmu mutanen Maradun ne. Da aka yi dam ɗin Bakolori ruwa ya shanye gonarmu ta gado, muka dawo Talata Mafara da ɗan abin da aka ba Baba na diyya. Bayan wasu shekaru, da Turawan aikin suka fara tattara nasu ya nasu, Baba ya sayi tsohuwar motar ɗayansu, mai dogon baya, mai shan gas, ya miƙa mini makulli. Da ita nake jigilar fasinja da kwandunan tumatir tsakanin Mafara da Bakura da Sakkwato, da ita gidanmu kaf yake ci. Baba bai taɓa kiranta mota ba. Kullum da safe tambayarsa ita ce, yaya gona ta kwana?

Wata rana bakaniken da ke duba mini ita ya buɗe murfin gaban inji ya kira ni. Ya nuna mini bel ɗin taimin, wanda ke ɓoye a ciki, duk ya tsattsage kamar faso. Ya ce kada in ɗauke shi kamar fambel, wanda in ya tsinke sai ka faka ka nemi wani. Wannan shi ke haɗa tafiyar saman inji da ƙasansa, in ya tsinke mota na gudu, fistin zai daki bawul, injin ya cinye kansa. Kuma irin nata babu shi a Mafara, babu a Gusau.

Zancen ya kai kunnen surukina. Shi bafataken shanu ne, yana lodi zuwa Kurmi, mutum ne mai hannun kyauta da son a san ya yi. Ya zo garejin da kansa da igiya a aljihu, ya zagaya ta kan bel ɗin yana jikin inji, ya ƙulla. Haka kowa ke auna bel ɗin injin ban ruwa a ƙasarmu, kuma ba ya kuskure. Bakanike ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi farin gemun surukina ya haɗiye abarsa. Ni kuwa dama kaina na ƙasa. Mutumin da ba ka iya shan ruwa a gabansa, ina kai ina gyara masa awo?

Da ya dawo daga Kurmi, a gaban jama'a bayan sallar la'asar ya miƙo mini sabon bel a kwalinsa, aka yi ta sa masa albarka. Washegari aka kwance tsohon aka gwada. Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, igiya ba ta yi ƙarya ba. Sai dai haƙoran tsohon masu kusurwa ne, na sabon kuwa a mulmule suke kamar rabin wake. Bakanike ya ɗora shi kan tayar ƙarfen da yake hawa, ya ce in taɓa. Ya hau, amma bai zauna ba, yana ɗan wasa ƙarƙashin yatsa. Kama da wane ba ta wane. Ya ce in na ce a ɗaura zai ɗaura, yana iya shekara, yana iya tsallake haƙori kafin in kai Birnin Tudu. Tsohon bel ɗin kuma, tunda ya sauka, ba da hannunsa za a mayar da shi ba.

Gaskiya hankalina ya tashi. Lokacin ɗibar tumatir ne, manoman Bakura na jirana, surukina kuma ya riga ya faɗa wa abokansa cewa ran Talata a motar za a kai shi kasuwa. Zuciyata ta fi karkata ga a ɗaura a yi tawakkali. A lokacin gani nake fashewar inji ta fi mini sauƙi a kan in ce wa uban matata kyautarsa ba ta yi ba.

Na kai wa Baba belukan biyu na yi masa bayani. Ya daɗe yana shafa haƙoransu da babban yatsa. Sannan ya ce in ɗauko masa sandarsa.

A zauren surukina aka yi gaisuwa kamar ba za a gama ba. Aka tambayi gida, aka tambayi gajiyar hanya, aka tambayi shanu da ruwan Kurmi. Ina raɓe bakin ƙofa. Can Baba ya jawo belukan ya jera su kan tabarma, haƙora na kallon sama.

"Alhaji, mun ga alheri, Allah shi saka," in ji shi. "Amma wanga ba nata na ba. Duba da hannunka."

Surukina ya ɗauka, ya shafa wannan, ya shafa wancan. Na ga fuskarsa ta sauya, kuma na ji zafin abin har cikin raina, don na san wahalar da ya sha yana yawo da igiya rumfa rumfa a garin da ba nasa ba. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya naɗe tsohon bel ɗin ya tura ƙarƙashin buzunsa, ya ce shi zai tafi da shi lodi na gaba. Ko kallona bai yi ba har muka fita.

Mota ta zauna a gareji, kaji na kwana ƙarƙashinta. Tumatirin shekarar wasu suka kwashe, muka koma tuwo ba nama, matata kuma ta yi kwanaki tana amsa mini magana da ka. Sai da surukina ya je ya dawo aka aiko mini da ƙunshi, tsohon bel ɗaure da sabo, haƙori ya dace da haƙori. Bakanike ya ɗora, ya zauna daram.

Ranar da motar ta tashi Baba ya ce ba fasinja, Maradun za mu. Muka tsaya bakin dam, ya nuna mini wani wuri cikin ruwa da sanda. Ya ce ranar da masu awon gonaki don biyan diyya suka zo, wani dattijo maƙwabcinmu ne ya nuna musu iyakar gonarmu, ya kuskure, ya bar fadamarmu gaba ɗaya a waje. Baba yana tsaye yana gani, amma ya ji nauyin ya ƙaryata sa'an mahaifinsa gaban baƙi. Ya ce zai gyara daga baya. Kafin bayan ta zo, ruwa ya zo.

"Kunya ta ci min rabin gona nan," ya ce. "Ragowar ita ta kaka tuƙawa. Ban iya tsayawa in ga ta ci wagga kuma."

Ban taɓa jin labarin ba sai ranar. Muka daɗe tsaye, injin na ta bugawa a bayanmu.

Har yau ban sani ba ko bel ɗin da surukina ya fara kawowa zai tsinke ko ba zai tsinke ba. Surukina ya huce, har ya riƙa tsokanata da cewa igiyarsa ta yi ritaya. Motar ta yi mana shekaru, ita ta aurar da ƙannena, ita ta kai Baba asibiti a ciwonsa na ƙarshe. Tun daga ranar ban sake sayen bel ba sai da tsohon a hannuna. Kuma na koyi cewa kunya ado ce in abinka kaɗai za ta ci. In amanar gida ce a hannunka, ka gaida babba, ka durƙusa, ka faɗa masa gaskiya tun ruwa bai zo ba.