Ƙullutu a Bayan Kunne

Ina alwalar la'asar, na zo shafar kunne, yatsana ya ci karo da shi. Ƙullutu ne kamar gujiya, a bayan kunnen hagu, daidai inda wuya ya soma. Na danna, ya goce a ƙarƙashin fata, ya dawo. Ruwan butar ya tsiyaye a ƙafata ban sani ba.

A wurin nan na Yaya ya fara. Yayata ce ciki ɗaya, kuma ni na yi jinyarta a ɗakinmu a Kwandiko bayan na gama sakandare, lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Nata ɗaya ya fara fitowa, sannan suka jeru a wuya, ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta. Da kaka ta rasu.

Na ja ɗankwali na rufe wurin. Shi ma na Yaya ne, a rabon kayanta na same shi. Amma Inna, mahaifiyarmu, ta ga yadda nake juyowa da jiki gaba ɗaya idan an kira ni. Ta sa hannu ta taɓa, ta janye. Washegari na tarar da kwanona a ware a gindin rumbu, inda ake ajiye na Yaya.

Daga nan gidan ya yi shiru. Maƙwabta suka koma yi mini sannu da irin muryar da suka yi mata. Wata tsohuwa ta kira ni da sunan Yaya, kuma ba wanda ya gyara mata. Na ji ana faɗa a bayan danga cewa 'yan'uwan da suka shaƙu, ɗaya kan ja ɗaya.

A makaranta an koya mana garkuwar jiki. Fata katanga ce, kuma akwai fararen ƙwayoyin jini masu zagawa suna cinye duk cutar da ta ƙetaro. Na ci darasin a jarrabawa, amma bai tsinana mini komai ba. In suna nan, ina suke lokacin Yaya? Da rana tsaka, kowa ya tafi gona, sai in zauna in ji wurin yana bugawa a hankali, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.

An ba Baba shawarar a kira wanzami ya tsaga. Ya ƙi, ya ce an yi wa waccan, me ya hana? Ya sa mu a mota ni da Inna zuwa babban asibitin Birnin Kudu.

Likitan ya latsa ƙullutun, na zabura don zafi. Ya ce madalla. Inna ta harare shi. Da ta ba shi labarin Yaya, ya tambaye ta ko na marigayiyar yana zafi, ta ce a'a, tauri ne da shi kamar dutse, ba ya ko motsi. Sai ya ce in cire ɗankwali. Na tsaya ina jin nauyi, wata nas ta ce, "Ke, zinariya kika ɓoye a ciki? Kawo kan nan."

Ita ta tsefe kitson. Tana kaiwa wajen ƙeya wani wari ya taso. Gyambo ne a ƙarƙashin kitson, ya tara mugunya.

A nan na tuna. Tun ina ƙarama Yaya ke yi mini kitso. Da ta rasu na bar kan haka, sai bayan arba'in wata maƙwabciya ta kama ni ta zaunar. Ba ta zo da kibiyar tsaga ba, aka ɗauko ta Yaya daga kwalla, duk ta yi tsatsa. Ta soke ni da ita, ta ce amarya ma haƙuri take yi, ta shafa man shanu ta kitse a kai. Zugin da na riƙa ji na ɗauka na sabon kitso ne, wanda kowace mace ta san ba a kuka da shi.

Likitan ya ce kaluluwa ce. Cuta ta shiga ta inda fata ta ɓule, fararen ƙwayoyin suka taru a mashigar da ke kusa suna tare ta, shi ne kumburin da zafin. Amma ya ce ba zai rantse ba tukuna, sai ya ga ta sace. Aka wanke gyambon, aka yi mini allura, aka ba ni magani.

Na koma gida ga kwanona a gindin rumbu. Kullum in taɓa, in rasa gane ko raguwa yake yi ko yatsana ne ya saba.

Ranar da muka koma asibitin, da hantsi, likitan ya daɗe yana laluben bayan kunnena. Ya duba wuya, ya duba hammata, bai samu komai ba. Sannan ya juya wajen Inna.

"Ba ciwon yayarta ba ne. Jikinta ne ya yi aikinsa, kuma ya gama. Babu abin da zai same ta, da yardar Allah."

Inna ta tambaya a hankali ko za a iya haɗa kwano da ni. Ya ce tun farko ma ana iyawa. Ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa ina jin su, amma yatsana yana can bayan kunne, yana neman abin.