Jar Hular Kaka a Layin da Jirgi Ya Daina Bi

Shekara biyar ke nan da muka kai Kaka makwancinsa a garin Laurel, nan Amurka. Malam Garba Heluma, baban Mamana, angona na wasa. Kamata ya yi a ce da hawaye nake wannan rubutun, amma wallahi bakina ya ƙi rufuwa. Shekaranjiya na ajiye biro a jarrabawar ƙarshe ta jami'a, yanzu haka ina kan benci a gefen hanyar keke ta College Park, kekena a jingine, ina ta dannar waya ba ji ba gani. In kun ga Hausar ta ɗan karkace ku yi mini uzuri. Shi ma haka ya yi ta fama da ni.

Heluma ba sunan yanka ba ne. Shi ne shugaban leburorin da ke duba layin dogo a wajen Zariya, aikin da ya yi har furfura. Da matarsa ta rasu, Mama ta ɗauko shi ya dawo wurinmu, lokacin ina 'yar sakandare. Ba a daɗe ba tsoho ya fara yaushi. Daga sallaya sai bakin taga. Ya haɗa jakarsa ya ajiye a bayan ƙofa, kullum maganar ɗaya ce: "Bayan Sallah zan koma. Ban iya zaman banza ba."

Hankalin Mama ya tashi, don yana da hawan jini, gidan Zariya kuma ba kowa. Ni nawa tashin hankalin daban ne. Mama nas ce, asibiti ya cinye ta. In na dawo daga makaranta, Kaka ne kaɗai zai ce mini sannu da zuwa, ya tsokane ni, ya ce amaryar da ba ta iya tuwo ba sakinta zai yi. In ya tafi, ni da bango za mu zauna.

Wata Asabar na lallaɓa shi ya raka ni koyon keke. Muna hawa hanyar nan sai ya ja ya tsaya. Ya dubi yadda ta miƙe ɗoɗar, ba hawa ba gangara, ya dubi tudun ƙasar da aka ɗora ta a kai.

"Amarya, nan layi ne."

"Ango, kewar gida ce ke damunka. Kwalta ce fa."

"Ke dai turo kekenki."

Can gaba sai ga allo da hoton tsohon jirgin lantarki da ya riƙa bin wurin tun kafin a haifi Mama. Na ɗauka zai yi murna. Ina, haushi ya ji. Wai an kashe layi an binne shi da kwalta ko sallah ba a yi masa ba. Sai da muka zauna, ya ga mata suna tura jarirai, tsofaffi da sanduna, 'yan gayu a kan kekuna, sannan ya sauko. Ya ce ya san layukan da suka mutu ciyawa ta cinye. Wannan kuwa jirgin aka sallama, aka bar fasinjojin.

Daga ranar kullum sai ya fita. Amma fa Kaka bai taɓa yarda ya taka kwaltar nan ba. A ciyawar gefe yake tafiya, da riga 'yar shara da jar hularsa, wai mai hankali ba ya tafiya a tsakiyar layi. Ya ga reshe, ya sa sanda ya ture. Ya ga kwalba, ya ɗauke. Kowa ya wuce sai ya sha cikakkiyar gaisuwa, har da ya iyali, ko mutum ya ji ko bai ji ba. Ni kuwa kunya kamar in nutse. Ya sa mini ƙararrawa a keke, ya kafa doka: duk mararraba, duk kwana, sai na kaɗa. Har yau 'yan ajinmu Direba suke ce mini, kuma ba ƙarya, sunan ya bi ni.

Jakar dai tana nan a bayan ƙofa, Sallah kuma tana ta matsowa.

Ana saura 'yan kwanaki aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Da safe muka fita, muna shan wata kwana sai ga ƙatuwar bishiya ta faɗi ta tare hanya gaba ɗaya. Na tsaya ina ɗaukar hoto. Ina waigawa na ga Kaka ya juya yana sauri, ya nufi inda muka fito.

"Ango, gudu kake? Bishiya ce fa, ba kura ba."

"Jirgi ba ya tsayawa a inda ya ga haɗari," ya ce, ko waige bai yi ba. "Tun daga nesa ake tsayar da shi."

Ya koma can bayan kwanar, ya yi nisa sosai, sannan a karon farko a rayuwarsa ya hau tsakiyar kwaltar. Ya cire jar hular ya ɗaga sama yana kaɗawa. Ba a jima ba sai ga ayarin masu keken tsere, irin masu matsattsun kaya, kai a sunkuye, sun taho a guje kamar an koro su. Na gaban ya ja birki yana masifa da Turanci. Kaka ya nuna masa kwanar da sanda. Suka gangara a hankali, suka gani da idonsu. Mutumin ya dawo ya kama hannun Kaka da hannu biyu, ya ƙi saki. Kaka ya ce masa, "Ya iyali?"

Da yamma Mama ta tambaye shi a hankali wace rana yake son tafiya. Yana shan shayi, ya ajiye kofin.

"Hadiza, in na tafi wa zan bar wa layin?"

Na ruga ɗaki na yi rawa ni kaɗai.

Bai daina cewa bayan Sallah ba, kowace shekara sai ya faɗa. Amma in ganye ya zube ya ce santsi zai kayar da mutane, in ƙanƙara ta sauka ya ce yanzu ne aikin yake. A haka har Allah ya karɓi abinsa. Da Mama ta ɗaga jakar nan bayan sadakar bakwai, fayau take. Ashe tsoho ya daɗe da kwashe kayansa, mu yake ja wa rai.

Nakan ce da zai leƙo yau me zai ce. Kekunan batir sun cika hanyar, ga sikuta, duk suna wucewa fuu ba sauti, kowa ya toshe kunne da waƙa. Na san sai ya yi tsaki ya ce jirgin da ba ya busa ɓarawo ne. Amma zai ji daɗin ganin Mama, wadda da ko leƙowa ba ta yi, yanzu ita da ƙawayenta 'yan Jos suke zagaye duk ranar hutunta, suna tafe suna gulmar 'ya'yansu.

Ba a sa sunansa a kowane allo ba, kuma ba ya buƙata. Hular tana cikin jakar bayana. Makon jiya, ana gobe za a fara jarrabawa, na tarar da reshe ya karye a wannan kwanar dai. Ban ɗauki hoto ba. Na jingine keke, na koma baya da sauri, na yi nisa, na hau tsakiyar kwalta na ɗaga hular sama.

Allah ya jiƙanka, Ango. Tuwon dai har yanzu sai a hankali, amma layin yana hannuna.