Ranar da Na Yi wa Kakana Duba

Na taɓa yi wa kakana ƙaryar iya duba. Jiya da na ga ana ɗaure sandunan golf a Baiyun, a ƙasar China, kunyar ta dawo mini sabuwa.

Tsohon yana son golf kamar shi ya ƙirƙiro shi, alhali bai taɓa riƙe sandar ba. Ɗan wasa na sunkuyawa a talabijin, zai ajiye shayinsa mai ƙamshin kanumfari ya ce, "Shiru, zai buga!" Ko ƙuda bai isa ya yi tari ba.

Wata Asabar bayan La'asar, tashar China ta maimaita wata tsohuwar babbar gasa. Ina so ya daina kirana mai kan kwakwa, sai na buɗe labarin gasar a waya ƙarƙashin tebur, ina karantawa rami bayan rami.

"Tsoho, na hango mai farar hular nan zai jefa ƙwallonsa a ruwa."

Ta faɗa tsulum. Sau uku ina faɗa yana faruwa, har na fara tunanin buɗe ofis.

Ya shafa gemu. "To malam boka, wa zai ci?"

Na saci kallon waya, caji ya ƙare. Na daure na ce dogon cikin biyun da ke kan gaba.

Ya yi dariya har ya ƙware. "Gajeren ne, ja'iri! Na kalli wasan nan a kaset a Kano ubanka yana firamare."

Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa. Gajeren ne ya ci, da tazarar bugu ɗaya.