Yau Na Sumbaci Hannun Surukina

Jama'a, ku da kuka rage a makaranta can Turkiyya, ku yi hattara da sabo. Yau saura ƙiris in rasa mata a Gezawa!

Da hantsi Kawu Sale ya raka ni gaida mahaifin Rabi, yarinyar da nake nema. Muka iske shi a gonar bayan gida. Kawu ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ni kuwa, da na saba da gaisuwar dattawan can, ban san lokacin da na cafko hannun tsohon ba. Na sumbata, na ɗora a goshi.

Ashe taki yake watsawa. Na awaki, ɗanye sharaf.

Kawu ya ce, "Subhanallahi, Habu, lafiyarka kuwa?"

Na ce, "Girmamawa ce, Kawu. Haka ake gaida manya a can."

Tsohon ya dubi hannunsa, ya dubi goshina. Ya ce, "Ko 'ya'yan cikina ba su taɓa yi min wannan ba. Yaro, na ba ka Rabi."

Sai ya juya ya miƙa wa Kawu hannun. "Malam Sale, kai ma bismillah, sumbata."

Har yanzu Kawu ba ya amsa gaisuwata.