Robar Salansa

Da asuba na tarar da shi kwance ƙarƙashin tsohuwar tasinsa a ƙofar garejinmu na Iskandariyya. Dattijo ne, hannu duk tabon ƙuna. Ya ɗaure salansar tamau da waya.

"Alhaji, akuya ka ɗaure?" na ce. "Roba ke shanye girgizar inji. Waya tsaga bututun za ta yi."

"Usta," ya ce, kamar yadda ake kiran babban makaniki a nan Masar, "bar zancen bututu. Matata nake kaiwa wankin ƙoda. Karkarwar nan har ƙashinta."

Tana kujerar baya, ido a rufe. Da gani sun daɗe suna bin hanyar nan.

Na rataye salansar da robobi biyu. Ya tayar da motar, ya zagayo, ya ɗora tafinsa kan kujerarta, ba sauran karkarwa, ya daɗe bai ɗauke ba.