Awon Yaya Haladu da Na Ɗaure Buhun Wake da Shi

Shekara goma sha ɗaya ke nan tun daminar da ruwa ya yi gyara a Kademi, har rumbunanmu biyu suka zauna a rana ɗaya. A daminar nan ne, kafin gero ya nuna, Allah Ya karɓi ran yayana Haladu tela, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Allah Ya jiƙansa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi sadaka, in yi masa addu'a, in tafi gona. Bana na yi sadakar, amma na kasa zama wuri ɗaya.

Yaya Haladu bai yi boko ba, tef ɗin awo ma bai taɓa riƙewa ba. Idan ka kawo masa shadda ko yadi a zauren gidanmu, sai ya yagi siririn ƙyalle daga gefen yadin naka, ya ce ka miƙe tsaye. Ya ɗora a jikinka nan ya ƙulla, ya ɗora can ya ƙulla, bakinsa bai daina yi maka tsiya ba. In ya gama ɗinkin sai ya rataye ƙyallen a ƙusa. Ko bayan shekara uku ka aiko da sabon yadi daga Gaya ko Ajingi, ba sai ka zo ba. Zai ɗaga kai ya dubi bango, ya gane shaddarka ta wancan karon, ya zaro ta ya yanka. Ban taɓa jin an dawo masa da riga ba. Mu dai cewa muke yi ido ba mudu ba, ya san kima, muna ɗauka idonsa ne kawai ke aikin.

Da kaka ta zo a shekarar da ya rasu, wake ya yi kyau, rumbu kuma babu. Muka zuba a buhuna, sai igiya ta ƙare. Na shiga zaure na ga tsummoki reto a bango, mai su yana ƙasa. Na kwaso. Da na ga ƙulle-ƙullen sun rage musu tsawo, sai na zauna a kan turmi ina warware su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi yatsa in sa haƙori. Matarsa tana cikin takaba, ta leƙo ta gan ni, ta koma ɗaki. Na ɗaure buhunan, na kai kasuwar Gaya, na sayar.

Shekara takwas ban sake tuna abin ba. Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, na wahala wata biyu kafin in cika shafi guda da hannuna. Wata safiya mai ɗakina ta yage shafin ta hura wuta da shi, don ita a wurinta takarda takarda ce. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga kaina a kan turmin nan. Na rufe bakina. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ni na riga ta shiga cikinsa.

Abin da ya hana ni zama bana shi ne Zulai, 'yar Yaya Haladu. Tana da shekara tara ya rasu. Yanzu ita ke kan kekensa, tana ɗinka wa mata atamfa, ragowar ƙyallayen kuma ta haɗa su ta yi jakunkuna da rigunan filo, ta ɗauki hoto a waya, mutane su saya daga inda ba ta taɓa zuwa ba. Bayan kaka za a kai ta ɗakin mijinta a Kano, da keken za ta tafi. Wata rana da hantsi ta same ni ina gyaran fartanya.

"Baffa, wai da gaske ne Baba bai san lamba ba? Matar da ta koya mini ɗinki ta ce telolin da kame-kame kawai suke yi."

Na ce mata yana da nasa awon.

"To ka rubuta mini shi kafin in tafi, tunda yanzu kai ma ka zama ɗan boko."

Ta faɗa tana dariya. Ni ban yi ba. Na shiga zaure na duba bayan ƙyaure, inda hannuna bai kai ba a waccan shekarar, na sami ƙyallayen da suka tsira, duk ƙura ta lulluɓe su. Na shimfiɗa su a tabarma. Ga ƙulli nan ina gani, amma ban san wanne ne kafaɗa ba, wanne ne hannu, daga wane gefe ma ake farawa. Nawa awon da zan gwada a jikina yana cikin waɗanda na warware.

Tun daga ranar nake bin ƙauyuka a kan babur da tsummoki a aljihu. Nakan tambayi kaina, da Yaya Haladu zai leƙo yau me zai ce? Ina jin jakunkunan Zulai za su burge shi, don shi ma ƙyalle ko kamar tafin hannu ba ya yar da shi. Injin da ke yi wa riga aiki a wuni ɗaya kuwa, na san tsaki zai yi, sannan ya zagaya ta baya ya duba yadda zaren ya kwanta. Ni ne ban san abin da zai ce mini ba. Mutum ne da ba ya faɗa, sai dai ya dube ka ya ce, "Kai dai, Sani." Wannan ya fi mini mari ciwo.

Mahaifiyar Zulai ce ta gane wata shuɗiyar shadda, ta ce ta Baba Kyari ce, wani dattijo mai sayar da kanwa a Gafasa. Na same shi a gindin darbejiya a ƙofar gidansa. Bayan mun gaisa na roƙe shi ya miƙe, na fara ɗora ƙyallen a kafaɗarsa.

"Kai ɗan Kademi, likkafani ka zo auna mini? Ai da ka bari na ci tuwon rana."

Na yi masa bayani. Ya ce shi tsayuwa kawai yake yi, Haladu ke ƙulle-ƙullensa. Ƙyallen kuma bai dace da ko'ina a jikinsa ba, tsufa ya rage shi. Har na fara naɗewa, sai ya ɗaga murya.

"Ke Falmata! Ɗauko mini shuɗin kaftanin nan na ƙasan akwati." Ya juyo gare ni. "Ni na tsuke, ɗan Kademi, amma riga ba ta tsukewa."

Muka shimfiɗa kaftanin a tabarma, muka ɗora ƙyallen. Daga bakin da aka naɗe zuwa ƙullin farko, faɗin kafaɗa ne cif. Na biyu hannu. Na uku tsawon riga, bai wuce ba bai gaza ba. Na rubuta su a littafina. Sai dai akwai sauran ƙulli biyu manne da juna can ƙarshe, muka juya rigar ta kowace fuska, ba wuya ba ne, ba aljihu ba ne, ba ƙirji ba ne.

"Wataƙila alama ce ta cewa mai rigar nan yana da surutu," in ji Baba Kyari. Ya yi dariya, sannan ya goge idonsa da hannun riga.

Na kai wa Zulai shafin. Ta karanta, ta gyara mini harafi ɗaya, ta yagi gefen atamfa ta auna ƙanwarta da shi, ta yanka ba tef. Rigar ta zauna. Sai ta tambaye ni biyun ƙarshen fa? Na ce ban sani ba. Ta ce wa ya sani? Na gaya mata gaskiyar buhunan wake, karon farko. Ta dubi keken, sannan ta ce, "Allah Ya jiƙan Baba," ta ci gaba da taka shi. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba.

Jiya na ƙirga ramukan ƙusa a bangon zaure, sittin da huɗu ne, kowace ƙusa da mutum ɗaya. Ƙyalle bakwai suka rage. Ɗaya na Baba Kyari ne. Huɗu masu su sun rasu, an raba tufafinsu. Biyu babu wanda ya gane na wane ne. Cikin ƙulli biyar na samo wa Zulai uku. Hamsin da bakwai kuwa ni na warware su.