Mai Auna Iska a Cikin Mota

Kwana uku ke nan da sake kunna matatar mai. Bututunta na aman wuta, baƙar toka na sauka a kasuwa kamar ana barbaɗa masoro. Cukun awakin Doña Eufemia, da ya fito fari tas, ya koma zabuwa. Ko masu gasa arepa, wainar masara, ba sa taya shi.

Ga jami'in auna iska can cikin mota, wanda takardarsa kaɗai za ta sa a rage wutar. Tumbi ya tokare gaban mota, gashin baki kamar tsintsiya, farar rigarsa ko ɗigo babu. Wannan, in ji zuciyar Doña Eufemia, ko gumi sai dai a yi masa. Gilashi a rufe, sanyi na busawa, na'urar auna iskar na kan cinyarsa. Yana leƙa ta, yana gyaɗa kai, yana rubutu.

Ta ƙwanƙwasa. Ya sa direbansa ya sauke gilashin faɗin yatsa.

"Iskarku lafiya lau, uwata. Ga shi na'ura ta faɗa."

"Madalla, likitan iska! To ɗanɗana cukuna, kyauta ne."

Ya dubi cukun, ya yi tari har sau biyu.

"Kai direba, rufe gilashin nan! Kashe ni za ka yi?"